Masu Ƙirga Kifi Yana Cikin Ruwa

In ka tambayi masunci kifi nawa ne a tabkin garinsu, dariya zai yi maka. Makiyayi yana ƙirga shanunsa a bakin mashaya, ya san wadda ta haihu da wadda ta ɓace. Kifi kuwa yana ƙarƙashin ruwa, ba a ganin sa sai ya shiga koma, wanda ya shiga koma kuma ya riga ya fita daga lissafi. Nan wahalar duk mai son tattalin kifi take, ko sarkin ruwa ne ko ma'aikacin gwamnati. Yaya za ka ce a kama kaza a bar kaza, alhali ba ka san jimillar ba?

A ƙasar Barazil, cikin dajin Amazon, akwai masunta da ƙabilun asalin wurin da ke ƙirga wani irin kifi yana raye cikin ruwa, ba tare da sun jefa raga ba. Gwamnatin ƙasar ta amince da ƙidayarsu, a kanta ma take yanka musu rabon da za su kama kowace shekara. Su ne darasinmu na yau.

Kifin da ke leƙowa

Piraruku ake ce masa a Barazil, a Peru da Bolibiya kuma paice. Yana cikin kifayen ruwan daɗi mafiya girma a duniya, don yakan kai mita 3 a tsawo da kilo 200 a nauyi, ko da yake irin waɗannan ƙattin sun yi ƙaranci yanzu. Ɓawon jikinsa manya ne masu tauri, har ana goge farce da su. Harshensa ƙashi ne mai kaushi, ana busar da shi a mai da shi magurji. Daga tsakiyar jiki zuwa wutsiya ɓawon yana da ja-ja, jan kuma yana ƙaruwa in kifin ya manyanta.

Wanda ya san bargi, da wasu ke kira balli, ya san ɗan'uwansa. Masana halittu sun tabbatar cewa a duk kifayen da ke raye yau, babu dangin piraruku na kusa kamar bargin nan namu na Kwara da Binuwai da Tabkin Cadi, duk da tekun da ke tsakaninsu. Sai dai bargi iyakarsa mita ɗaya.

Tabkunan dajin Amazon ruwansu ɗumi ne, cike da ruɓaɓɓen ganye, iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa kaɗan ce ƙwarai. Piraruku yana da wata jakar iska a cikinsa mai aikin huhu, kuma da zarar ya girma ba ya rayuwa sai da ita. Dole ya taso sama ya shaƙi iska, galibi duk bayan minti 5 zuwa 15. In ya sarƙe a raga ya kasa tasowa, ruwa ke cin sa, shi da yake kifi. Tasowar ba ta ɗaukar daƙiƙa guda: kai ya ɓullo, baki ya buɗe da wata ƙara, baya ya lanƙwasa, wutsiya ta mari ruwa, shi ke nan ya nutse. Ku riƙe wannan da kyau, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya rataya.

A yankin garin Tefe, kogi yana tasowa fiye da mita 10 kowace shekara. Ruwa ya malala cikin daji, kifi ya bazu tsakanin itatuwa inda ba mai iya bin sa. Daga Satumba zuwa Nuwamba ruwa ya janye, kifin ya tattaru a tabkunan da suka yanke daga kogi. In ruwa ya fara dawowa, mace da namiji su haƙa gurbi a wuri marar zurfi, ta zuba ƙwai. Bayan ƙyanƙyasa uban ne ke reno, 'ya'yan suna bin kansa gungu guda har wajen wata uku. Wanda ya kashe uba a wannan lokaci ya kashe su duka. Kuma piraruku ba ya fara haihuwa sai ya shekara 3 zuwa 5, ya kai kusan mita ɗaya da rabi.

Yadda ya kusa ƙarewa

Da can da mashi mai igiya ake kama shi. Mutum ya zauna a goshin ɗan kwalekwalensa tun asuba, mashi a kafaɗa, yana jiran tasowa, wani lokaci ya wuni bai jefa ba. Tun ƙarni na 19 ake yanka naman fale-fale, a sa gishiri a shanya, 'yan kasuwa su kwashe zuwa biranen Manaus da Belem. Duk da haka kifin ya jure, tunda mashi ɗaya kifi ɗaya yake kashewa. Abin ya lalace ne daga shekarun 1960 zuwa 1970, da ragar nailan ta shigo, ga injin jirgi, ga manyan jirage masu ɗakin ƙanƙara da ke tasowa daga birni su share tabki cikin 'yan kwanaki, manya da ƙanana.

A 1975 aka sa piraruku cikin jerin halittun da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa ido kan cinikinsu. A 1996 aka hana kama shi kwata-kwata a Jihar Amazonas. To amma jihar nan ita kaɗai ta fi Nijeriya girma, ta fi Nijar, kuma mafi yawanta ba hanya sai kogi. Wa zai tsare? Kamu ya ci gaba a ɓoye, sai dai yanzu masunci ya zama mai laifi, ɗan kasuwa kuma ya sami dalilin karya masa farashi. Wani bincike da aka yi daga baya a ƙauyuka 81 na Jihar Para, maƙwabciyarta, ya nuna kifin ya ƙare ƙarƙaf a kashi 19 cikin 100 na wuraren.

Gwajin Mamirawa

Tun kafin masana su zo, mutanen ƙauyukan kewayen Tefe sun fara tashi tsaye. A shekarun 1980, da taimakon cocin Katolika na yankin, wanda ke da ajujuwan yaƙi da jahilci, suka fara raba tabkunansu: wannan na haihuwar kifi ne, ba mai jefa ko ƙugiya, wancan na cefanen gida ne. Suka kuma riƙa korar jiragen baƙi. Mafi yawan mutanen nan jikokin ƙabilun asali ne da suka cuɗanya da baƙin da tatsar roba ta kawo, a tsakaninsu kuma akwai ƙauyukan ƙabilu irin su Kokama da Tikuna.

Wani masanin birai, José Márcio Ayres, wanda ya je nazarin wani farin biri mai jar fuska, shi ya matsa har aka keɓe yankin Mamirawa a 1990. A 1996 aka mai da shi gandun da ba a korar mazaunansa, irinsa na farko a Barazil, mai faɗin hekta fiye da miliyan 1. A shekarar ce kuma dokar hana kamun piraruku ta faɗo, alhali shi ne babbar hanyar kuɗin mutanen. Sai masuntan Jarauwa, wani yanki na gandun, da masu binciken wurin suka nemi hukumar kare muhalli, IBAMA, ta ba su izinin gwaji. A 1999 aka yarda masunta 42 su kama kifi 120. Amma izinin ba zai ɗore ba sai an iya nuna wa hukuma, shekara bayan shekara, ko kifin ƙaruwa yake ko raguwa.

Masana suna da tasu dabarar, kuma ya kamata ku san ta, don lissafi ne mai sauƙi. A ce ka ja taru ka kama kifi 50, ka maƙala wa kowanne alama, ka sake su. Bayan kwana biyu ka koma ka kama 40, ka tarar 10 cikinsu na da alama. Goma cikin arba'in ɗaya bisa huɗu ne, ke nan waɗancan 50 da ka yi wa alama ɗaya bisa huɗu ne na kifin tabkin, jimilla wajen 200. A takarda abin daɗi. A tabki mai ciyawa da kututture da kadoji, da kifin da ya fi mutum nauyi, aikin makonni ne ga tabki ɗaya, tabkunan kuma ɗaruruwa.

Tsofaffin masu mashi suka ce su ai suna iya ƙirgawa da ido da kunne. Wani matashin mai bincike, Leandro Castello, bai yi musu dariya ba, bai kuma karɓa haka kawai ba. Aka zaɓi tabkuna rufaffu, inda kifi ba ya shiga ba ya fita. Masunta suka ƙirga, aka rubuta aka ajiye. Sannan aka bi da taru da alama aka yi lissafin masana. Da aka jera lambobin, kusan kunnen doki suka yi: a ma'aunin da 1 ke nufin cikakkiyar dacewa, sun sami 0.98. An buga sakamakon a 2004. Ƙidayar masunta ta fi waccan sauri da araha kusan sau 200.

Minti ashirin

Ana fita ne a lokacin janyewar ruwa, ranar da ba iska ba hadari, domin igiyar ruwa tana ɓoye tasowa, yayyafi kuma yana toshe kunne. Masu ƙidaya su shiga tabki a hankali, ba inji, ba hira, ba buga filafili a jikin jirgi. A raba tabkin da ido, a ce daga wancan busasshen itace zuwa bakin ciyawa naka ne, kada rabon mutum ya wuce hekta 2. A duba agogo, a fara tare, kowa ya yi tsit minti 20. An zaɓi 20 ne don a cikinsu kowane kifi zai taso aƙalla sau ɗaya. Haɗarin shi ne wani zai taso sau biyu, a ƙirga shi biyu, kuma nan gwaninta take. Mai ƙidaya yana lura da inda kifin ya taso da inda ya fuskanta, da faɗin bayansa, da yawan jan da ke wutsiyarsa, da ƙarar numfashinsa, don ta babba daban take da ta ƙarami, ta wanda ya natsu daban da ta wanda ya tsorata. In wani ya ɓullo can gefe bayan minti goma, shi ya san ko na ɗazu ne ya matsa ko sabo ne. Inda ciyawa ta rufe ruwa, ido ba ya aiki, sai kunne. Wanda bai kai mita 1 ba, ba a sa shi a lissafi. Sauran a kasa su biyu: matasa, daga mita 1 zuwa 1.5, da manya, waɗanda suka haura haka. Lokaci na cika kowa ya faɗi nasa, a rubuta, a matsa gaba, har a gama tabkin.

In aka zo ba da labarin nan, sau da yawa sunan mai binciken ake ambata, masunta su zama 'yan rakiya. A ganina rabon bai yi daidai ba. Abin da ya kawo agogo ne da iyaka da takarda, da ƙarfin halin gwada maganar talaka a gaban takwarorinsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma idon da kunnen, shekara da shekaru na zaman jiran kifi da mashi ne suka wasa su.

Kada kuma ku ɗauka duk wanda ya ce shi masunci ne ƙidayarsa daidai take. Gwajin da aka sake yi daga baya ya nuna wasu suna ƙarawa, wasu suna ragewa, kuma ƙidayar ƙungiya ta fi ta mutum ɗaya kusantar gaskiya. Shi ya sa aka kafa jarrabawa: a kai mutum ƙaramin tabki rufaffe ya ƙirga, sannan a ja taru a fito da duk kifin a gabansa a gani. Wanda ya ci a ba shi shaida. Ga kuma jarabar ƙara lamba, tunda rabo a kan ƙidaya yake. Sai dai ƙarya a nan ba ta nisa. Wanda ya rubuta kifin da babu, ranar kamu zai neme shi ya rasa, baɗi kuma tabkinsa ne zai rame.

Ƙidaya ita kaɗai ba ta ƙara kifi ko ɗaya, ƙa'idojin da aka gina a kanta su suka yi aikin. Hukuma tana ba da izinin kama abin da bai wuce kashi 30 cikin 100 na manyan da aka ƙirga bara ba. Ba a taɓa wanda bai kai santimita 150 ba. Daga Disamba zuwa Mayu, lokacin gurbi da reno, ruwa a rufe yake. Tabkunan haihuwa kuwa kullum a rufe suke, in ambaliya ta zo su ke cika sauran. Kowane kifin da aka kama, a kai shi rumfar da ke bisa ruwa, a auna tsawo da nauyi, a farke ciki a duba mace ce ko namiji da yadda ƙwai ya nuna, a rubuta, a ɗaura masa hatimi mai lamba wanda zai bi shi har kasuwa. A wurare da yawa mata ne ke wannan aikin na awo da rubutu da gyaran kifi, kuma da ladansu.

Mafi nauyi duka shi ne gadi. Ana kafa bukka mai iyo a mashigar tabki, iyalai suna karɓa-karɓa dare da rana. A ƙungiyoyi da yawa rabon mutum ranar kamu yana bin gadin da ya yi da tarukan da ya halarta, wanda aka kama yana satar kifi kuma a rage masa ko a hana shi.

A Jarauwa, daga 1999 zuwa 2006, piraruku ya tashi daga wajen 2,200 zuwa 20,650, rabon kamu kuma daga 120 zuwa 1,249. A kogin Juruwa, João Campos-Silva da Carlos Peres sun bi tabkuna 83, suka buga sakamakonsu a 2016: a matsakaicin lissafi, tabkin da jama'a ke gadi yana da piraruku wajen 305, wanda aka bar wa kowa kuma 9.

Paumari sun karɓi ragama

Ƙabilar Paumari mutanen ruwa ne tun asali, da yawansu a gidaje masu iyo suke zaune a tabkunan kogin Purus da reshensa Tapawa. Sun daɗe a hannun 'yan kasuwar da ke ba su gishiri da sukari da kananzir bashi, su biya da kifi, bashin kuma ba ya ƙarewa. Wasu har hayar tabkunansu suke bai wa jiragen birni a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Wajen 2009, da piraruku ya kusa ƙarewa a ruwansu, Paumarin Tapawa suka zauna suka yanke wa kansu hukunci mai zafi: a bar kifin, a daina hayar tabki, har sai ya dawo. Wata ƙungiya mai zaman kanta, OPAN, ta taimaka da horo da kayan aiki, amma su suka zana taswirar tabkunansu, su suka zaɓi na rufewa, su suka riƙa ƙidaya da gadi. Sun yi shekaru suna kallon kuɗi yana tasowa yana numfashi a gabansu ba su jefa mashi ba. Sai a 2013 suka yi kamun farko da izini, a 2015 kuma ma'aikatar muhalli ta ƙasa ta ba su lambar yabo. Ƙabilar Deni ta bi sahu bayan 'yan shekaru. Can ƙasar Gayana ma, a farkon shekarun 2000, masuntan Mamirawa ne da kansu suka je suka koya wa ƙabilar Makushi ƙidayar.

Me zai sa mutum ya yi shekaru yana gadin abin da yake iya kamawa yau? Tsarin mulkin Barazil na 1988 ya ce amfanin ƙasa da koguna da tabkunan da ke yankin ƙabilun asali nasu ne su kaɗai. A gandaye irin Mamirawa ma doka ta fifita mazauna. Wanda ya san kifin da ya bari bana shi zai same shi baɗi, zai bari. Wanda ya san in ya bari jirgin wani ne zai kwashe da dare, in ya bari ma wauta ya yi. Dokar 1996 ta hana kowa, ba ta kuma damƙa wa kowa komai ba, shi ya sa ta kasa. Wannan tsarin kuwa ya haɗa ƙidaya da gadi da ci a hannu ɗaya.

Gadin nan yana cin rai. A watan Yuni na 2022, a kwarin Jabari kusa da iyakar Peru, aka kashe Bruno Pereira, masanin al'amuran ƙabilun asali da ke horar da 'yan sintirinsu, tare da ɗan jaridar Ingila Dom Phillips. Waɗanda suka amsa laifin masu satar kifi ne a yankin ƙabilun. Ta fuskar kasuwa ma da sauran aiki: abin da masunci ke samu a kilo kaɗan ne in an gwada da farashin manyan birane, kifin sata kuma, da ba a kashe masa ko sisi wajen gadi ba, yana karya kasuwa. A 2023 fari ya zo, zafin ruwan tabkin Tefe ya haura digiri 39, dabbobin ruwa da ake kira dolfin fiye da 150 suka mutu, mashigun tabkuna suka ƙafe, ƙauyuka da yawa suka kasa fitar da rabonsu.

To, kiwo fa?

Mai kiwon tarwada a cikinku zai ce, me ya hana a haƙa kududdufi a huta? Ana yi, musamman a Jihar Rondoniya ta Barazil da ƙasar Peru. Kifin yana da abin so: yakan kai kilo 10 a shekarar farko, ƙarancin iska a ruwa ba ya damun sa, namansa kuma ba ƙananan ƙayoyi. Matsalar iri ce. Tarwada ana yi wa macen allura da yamma, da safe a matse cikinta ƙwai ya zubo a roba, a farke namiji a zuba ruwansa a kai, kwana ɗaya an ƙyanƙyashe. Piraruku bai yarda da wannan ba. In ba lokacin haihuwa ba, da wuya a bambance mace da namiji da ido, har sai da masana a Peru suka fito da gwajin jini. Macen ba ta nunar da ƙwanta gaba ɗaya, kashi-kashi take yi, kuma ba ya matsuwa yadda na tarwada ke yi. Dole a haɗa su a babban kududdufin ƙasa a jira damina, su ga dama su yi gurbi, su ga dama su ƙi. Shi ya sa 'ya'yansa ke tsada, ga shi mai cin nama, abincinsa ma tsada. A tabkin haihuwar da ƙauyawa ke gadi kuwa, kifin da kansa yake zaɓen aboki, ya yi gurbi, ya yi reno, ba allura ba buhun abinci.

Kiwon yana da wani haɗarin kuma. A shekarun 1970 paice ya kuɓuce daga wuraren kiwo a kudancin Peru, ya bi kogi ya shiga Bolibiya inda da babu shi. Yanzu ya mamaye koguna da tabkunan arewacin ƙasar, masunta na kukan yana cinye musu kifayen gida.

A ruwanmu

Rufe ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu, gurbin Matan Fada a rufe yake ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, sai ranar bikin su a buɗe shi na ɗan lokaci, dubban masunta su faɗa da homa da gora. A fadamun Haɗeja da Nguru ma tabkuna da yawa suna da masu kula da su da ranar buɗewa. Abin da ba a cika samu ba shi ne lamba, wato littafin da zai nuna bana da bara da bara waccan, wanda masunta suka rubuta da hannunsu, suke iya ajiye wa hukuma a kan tebur.

Dabarar minti 20 ba za ta yi aiki a kan kifayenmu ba. Bargi da tarwada suna tasowa su shaƙi iska, amma ba tilas ba ne a kan lokaci kamar piraruku, kuma ba su da girman da za a bambance wannan da wancan daga nesa. Sai dai bargi yana da nasa abin da ake gani. Da damina yana share ciyawa ya yi gurbi zagayayye mai faɗin kusan mita 1 a ruwa marar zurfi, kuma masuntan da ke shiga fadama sun san inda guraben suke. Ana iya ƙirga su kowace shekara a wuri ɗaya, a mako ɗaya. Kafin hukuma ta karɓi irin wannan lamba sai an gwada ta da taru, kamar yadda aka gwada masuntan Jarauwa, cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke New Bussa, kusa da tabkin Kainji, kuwa irin aikinta ke nan.

Aiki

1. A ce an ƙirga manyan piraruku 400 da matasa 650 a tabkunan wani ƙauye. Guda nawa ne iyakar abin da hukuma za ta yarda a kama? Me ya sa ba a sa matasan cikin wannan lissafi?

2. Ka kama kifi 30 ka yi musu alama ka sake su. Da ka koma ka kama 60, 6 cikinsu na da alama. Kimanin kifi nawa ne a tabkin? Me zai ɓata lissafin in tabkin yana haɗe da kogi?

3. Ku tattauna a aji: in baƙi suna da damar shiga tabkunan Paumari yadda suka so, wane ɓangare na tsarin ne zai fara rushewa?

4. Ku je wurin sarkin ruwa ko wani dattijon masunci a yankinku, ku gaishe shi, ku tambaye shi kifayen da ake kamawa yana yaro waɗanda yanzu suka yi wuya, da watan da kowanne ke zuba ƙwai, da inda yake zubawa. Ku rubuta sunan kifi a layi ɗaya, wata a layi na biyu, wuri a na uku, ku kawo aji mako mai zuwa a gwada na kowa da na kowa.